Hawan tsauni a karkarar Ingila: daga Edale zuwa kan Mam Tor, a sauka a Hope

Wanda ya taɓa zama a Jos ba zai razana ba idan aka faɗa masa tsawon tsaunukan Ingila. Mafi tsawo a cikinsu, Scafell Pike, mita 978 ne daga bakin teku, alhali garin Jos kansa yana zaune a kan kimanin mita 1,200. Yawancin tuddan da mutane ke hawa don kallon ƙasa ba su kai rabin haka ba. Amma duk shekara masu aikin ceto suna sauko da mutane daga kan waɗannan gajerun tsaunuka, wani da karaya, wani sanyi ya kama shi, wani dare ya rufe masa bai san inda ya dosa ba. Ba tsawo ke kayar da mutum a can ba. Iska ce, da ruwan sama, da hazo, da ranar da ke faɗuwa tun kafin a shirya mata.

Na ga 'yan'uwanmu da yawa, ɗalibai da ma'aikatan jinya, sun shekara uku ko huɗu a Manchesta ko Sheffield, daga ɗaki sai aji, daga aji sai wurin aiki, ba su taɓa sanin cewa jirgin ƙasa na ƙasa da awa ɗaya zai ajiye su a gindin tsauni ba. Abin yana damuna, domin kuɗin da ake kashewa kaɗan ne, ba a biyan ko sisi a ƙofa, kuma sauƙin da zuciya ke samu a sama, musamman ga wanda kewar gida ta dame shi, sai wanda ya hau ya sani. Zan bi da kai ta hanya ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan ka iya ta, sauran duk ƙannenta ne.

Ka fara sanin cewa hanyar taka ce

Abin da ya fi hana baƙo fita shi ne tsoron shiga gonar wani. Tsoro ne mai dalili, amma doka ta riga ta warware shi. A Ingila da Wales akwai hanyoyin ƙafa kimanin mil 140,000 da kowa ke da haƙƙin bi, ko da sun ratsa tsakiyar makiyayar tumaki ko ta bayan gidan manomi. Mafi kusa da su a wurinmu shi ne burtali: ƙasar ta mai gona ce, amma ba shi da ikon toshe hanyar. A bakin irin wannan hanya za ka ga sanda da allo an rubuta Public Footpath, sannan a kan ƙofofi da ginshiƙai za ka riƙa cin karo da ƙananan kibiyoyi masu launi. Ruwan ɗorawa na masu tafiya a ƙafa ne kawai. Shuɗi na masu ƙafa da doki da keke. Ja yana nufin har mota da babur na iya bi, sai ka kula. Idan ka ga hoton ɗan itacen oak, kamar ƙwallo cikin ƙaramin ƙoƙo, kana kan ɗaya daga cikin manyan dogayen hanyoyin tafiyar ƙafa na ƙasar.

Ba kyauta aka samu wannan ba. Ranar 24 ga Afrilu, 1932, ɗaruruwan matasa, yawancinsu ma'aikatan masana'antun Manchesta, suka hau Kinder Scout da gangan, tsaunin da masu ƙasa suka killace domin harbin tsuntsaye. Aka yi artabu da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar, har da jagoransu Benny Rothman. A 1949 majalisa ta yi dokar kafa gandayen ƙasa, wato yankunan karkara da doka ke karewa domin jama'a su yi yawo a cikinsu, a 1951 yankin Peak District ya zama na farko, sai a shekarar 2000 aka yi dokar da ta buɗe tsaunuka da dazuzzukan da ba a nomawa, inda mutum zai iya yawo ba sai a kan turba ba. Wannan buɗaɗɗiyar ƙasa kimanin kashi 8 cikin 100 ce ta Ingila. A sauran wurare, haƙƙinka yana kan turba ne kawai, kada ka kauce mata. Kinder Scout ɗin nan za ka gan shi da idonka daga kan Mam Tor, baƙi, mai faffaɗan kai, a arewa da kai.

Zaɓen tsauni

Ka fara da wanda jirgin ƙasa ke kaiwa gindinsa. Mazaunin Landan yana da Box Hill a Surrey, mita 224. Na Birmingham ya nufi Great Malvern, inda ake tashi daga cikin gari a hau Worcestershire Beacon, mita 425. Wanda ya je yankin tafkuna, Orrest Head yana da tafiyar kamar minti ashirin daga tashar Windermere, kuma ko da yara ana hawansa. Ni Mam Tor na zaɓa, mai mita 517, saboda dalili uku: yana cikin Peak District, tsakanin Manchesta da Sheffield, an shimfiɗa duwatsu a yawancin turbar samansa, kuma daga kansa akwai doron tsauni mai tsawon kilomita uku da 'yan kai wanda za ka bi kana kallon kwari biyu, ɗaya dama ɗaya hagu.

Lissafin lokaci, tun kana gida

Masu hawan tsauni suna da tsohon ma'auni da wani ɗan Sukotland, William Naismith, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Tafiyarmu daga tashar jirgin ƙauyen Edale zuwa ta ƙauyen Hope kimanin kilomita 10 ce, jimillar hawan kuma yana kusa da mita 450. A lissafinsa, ƙasa da awa uku ke nan. Amma shi ya yi lissafin ne da ƙaƙƙarfan mutum wanda ba ya tsayawa. Kai za ka huta, za ka ci abinci, za ka yi salla, za ka ɗauki hoto. Ka ware awa huɗu da rabi, in da yara ko wanda bai saba ba, biyar.

Yanzu ka duba lokacin faɗuwar rana ka ƙirgo baya. Nan ne wanda ya taso a ƙasar da magariba ba ta wuce tsakanin shida da bakwai yake ruɗewa. A watan Yuni, a wannan yankin, rana tana kaiwa tara da rabi na dare ba ta faɗi ba. A Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu ta tafi. Ranar Lahadin ƙarshen Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, kuma makonnin da ke biye su ne suka fi kama mutane, domin jiki bai saba da sabon duhun ba. Ƙa'idata ita ce in kasance a ƙasa awa ɗaya kafin rana ta faɗi. Fitar farko, ka yi ta tsakanin Mayu da Satumba.

Hasashen yanayi na cikin gari ba zai wadatar da kai ba. Hukumar yanayi ta Birtaniya, Met Office, tana fitar da hasashe na musamman domin tsaunuka, akwai na Peak District daban. Abu uku za ka duba: ƙarfin iska a saman tsauni, yanayin sanyin da jiki zai ji idan an haɗa da iskar, da kuma tsawon da gajimare zai sauko. Idan gajimaren zai sauko ƙasa da mita 500, za ka hau ne ka tsaya cikin farin hayaƙi ba ka ga komai ba. Idan iska za ta kai mil 40 a awa, ka ɗaga tafiyar, domin a kan doron nan babu abin da zai kare ka, kuma iska irin wannan tana ture babban mutum. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ka kuma riƙe cewa duk mita 150 da ka hau, zafi yana raguwa da kimanin digiri ɗaya.

Abin sawa da abin ɗauka

Kada ka sa wandon jins, kada kuma rigar da ke manne da fatarka ta zama ta auduga. Auduga aminiyarmu ce a zafin Kano, amma a nan tana shan gumi ta riƙe, da zarar ka tsaya a sama iska ta buga ta sai ta koma kamar tsumman da aka tsoma a randa. Rigar 'yan ƙwallo ta fi ta. A kanta ka ɗora rigar sanyi mara nauyi, a kan wannan kuma rigar ruwa mai hula. Hikimar ita ce sutura ta zama hawa-hawa, ka tuɓe ɗaya idan kana hawa, ka mayar idan ka tsaya. Rigar ruwan kada ka bar ta a gida ko da gari ya waye tangaran. 'Yar'uwa mai doguwar riga ko hijabi mai faɗi ta sa wando a ciki, ta zaɓi wanda bai kai ƙasa ba, domin iska tana cika shi, ƙasan kuma yana jan laka yana kama ƙafa a wurin tsallake shinge.

Takalmi shi ne inda ya kamata kuɗinka ya tafi. Ka nemi but mai kaushin tafi wanda ya kama idon sawu, ka sa shi kwana biyu ko uku a cikin gari kafin ranar, tare da safa mai kauri. Sabon takalmi a kan tsauni yana fitar da bororo tun kafin a yi rabin hanya. Shagunan sayar da kayan hannu na ƙungiyoyin agaji sukan sami rigunan ruwa masu kyau da araha.

A jakar goyo: ruwa lita ɗaya da rabi, shayi a fulas, burodi da abin haɗi, dabino da gyaɗa, hular sanyi da safar hannu, tocila ko da kana sa ran dawowa da rana, usur, filasta, abin cajin waya na tafi-da-gidanka, da leda ta zuba shara. Kada ka sha ruwan rafi, tumaki na kiwo a samansa.

Taswira

Wannan ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ya fi cancantar a zauna a kansa. Taswirar mota da ke cikin wayarka ba ta san turbar tsauni ba, sabis kuma yana ɗaukewa a cikin kwari. Hukumar taswira ta ƙasar, Ordnance Survey, tana da jerin taswirori masu bangon ruwan lemo da ake kira Explorer. Wadda ta ƙunshi Edale da Mam Tor lambarta OL1. A cikinta santimita 4 daidai yake da kilomita ɗaya, kuma kowane murabba'i mai shuɗin layi kilomita ɗaya ne, don haka da ido za ka iya ƙirga nisa. Koren layi mai gajerun tsinke hanyar ƙafa ce, mai dogayen tsinke ta doki da keke. Buɗaɗɗiyar ƙasa an shafa mata ruwan ɗorawa mai haske. Siraran layuka masu ruwan ƙasa da ke lanƙwashe-lanƙwashe su ke nuna tsawo: inda suka matsu da juna gangare ne mai tsanani, inda suka ware ƙasa ta kwanta. Har katangun gonaki an zana su, wanda ke nufin za ka iya gane ta wane gefen katanga turbarka ta bi.

Akwai manhajar OS Maps ta waya. Ka sauke yankin tun kana gida, amma ka riƙe ta takarda a cikin leda, domin sanyi yana shanye batir da sauri. Ka koyi karanta lambar wuri: haruffa biyu da lambobi shida, a wannan yankin haruffan SK ne. Ita masu ceto za su fara tambayarka.

Kafin ka fita, ka tura wa wani saƙo: ga inda zan fara, ga inda zan sauka, ga lokacin da za ka ji daga gare ni. Sannan ka aika kalmar register zuwa lamba 999 ta saƙon tes, ka bi umarnin da za a maido maka. Wannan yana ba ka damar neman agaji da rubutu a inda sabis bai isa a yi kira ba.

Ranar tafiya

Edale tana kan layin jirgin da ya haɗa Manchester Piccadilly da Sheffield, kimanin minti 45 daga Manchesta, wajen rabin awa daga Sheffield. Ba kowane jirgi ke tsayawa a ƙananan tashoshi ba, sai mai tsaye-tsaye, galibi awa-awa, don haka ka duba jadawalin dawowa daga Hope tun da safe. Tun da Hope ta fi kusa da Sheffield, wanda ya taso daga Manchesta ya yanki tikitin zuwa da dawowa na Hope, ya sauka a Edale. Ɗalibi mai katin rangwame na 'yan shekara 16 zuwa 25 ana cire masa kashi ɗaya cikin uku. Akwai banɗaki a wurin ajiye motoci kusa da tasha. Ka yi amfani da shi, ka yi alwala, domin babu wani sai ka sauka.

Daga tasha ka gangara zuwa babban titin kwarin, ka yi dama, ka ɗan taɓa tafiya, sai ka ga hanya ta hagu da ta tsallake kogin Noe ta nufi gonar Hardenclough. Bi ta tana hawa a hankali har Greenlands. A nan hanya ta rabu: ta hagu tana kaiwa Hollins Cross, ta dama tana hawa zuwa wata 'yar tsaga a jikin tsauni da ake kira Mam Nick. Ka ɗauki ta dama.

A wannan sashen za ka haɗu da ƙofofi iri-iri. Akwai 'yar matakalar katako da ake takawa a haura shinge, akwai ƙofa mai lilo a cikin ɗan keji wadda mutum ɗaya ke wucewa amma tunkiya ba ta iyawa. Ƙa'idar babbar ƙofar gona ita ce ka bar ta yadda ka same ta. In a rufe take, ka rufe ka tabbatar sakata ta shiga. In a buɗe take an tokare, manomi ne ya bar ta domin dabbobi su kai ga ruwa. Kada ka haura katangar duwatsu. Babu siminti a cikinta, dutse ne aka jera kan dutse, wasu sun haura shekara ɗari biyu, kuma idan ta zube gyaranta aikin gwani ne mai tsada.

Tumaki ba ruwansu da kai. A watannin Maris da Afrilu lokacin haihuwarsu ne, idan ka ga ɗan rago shi kaɗai kada ka ɗauka, uwarsa na kusa. Shanu kuwa a yi hattara, musamman saniya mai ɗan maraƙi. Kada ka ratsa tsakaninta da ɗanta, kada ka yi gudu, ka zagaya nesa cikin natsuwa ka koma turba a gaba. Za ka haɗu da karnuka da yawa tare da masu su. Wanda ba ya son kare ya taɓa shi ya tsaya gefe ya faɗa wa mai shi cikin ladabi, yawanci nan take suke janye shi. Kuma ka shirya amsa gaisuwa. Mutumin da ba zai dube ka ba a titin birni, a kan tsauni shi zai fara gaishe ka.

Hawa ba tsere ba ne. Ka rage faɗin taku, ka riƙe saurin da za ka iya magana ba tare da haki ba. Sannu ba ta hana zuwa. Idan kuna da yawa, mafi rauni shi ke tsara saurin ayari, kuma idan aka tsaya jiransa kada a tashi da zarar ya iso, shi ma a bar shi ya huta.

A Mam Nick za ka fito kan ɗan siririn titin mota. Ka kula da motoci, ka nemi ƙofar da ke hagu inda matakalar duwatsu ta fara. Daga nan minti goma zuwa sha biyar ne zuwa ƙololuwa. Kafin ka kai, ka mayar da rigar ruwanka, domin iskar sama tana jiranka.

A sama

Za ka tarar da ginshiƙi a tsakiyar shimfiɗar duwatsu. Irinsa sama da 6,000 aka kakkafa a faɗin Birtaniya tun daga 1936 domin auna ƙasa. Ka jingina da shi ka juya a hankali. A arewa ga kwarin Edale da ka fito, gonaki kore shar an yanka su da katangu kamar zanen tabarma, jirgin ƙasa yana rarrafe a tsakiya kamar tsutsa, bayansu Kinder Scout mai mita 636. Daga ƙauyen nan na Edale doguwar hanyar Pennine Way ta fara, mil 268 har cikin iyakar Sukotland, an buɗe ta a 1965. A kudu maso gabas ga ƙauyen Castleton da kufan ganuwar Peveril a samansa, wadda aka fara ginawa bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066. Can gaba dogon bututun hayaƙin masana'antar siminti ta Hope, wadda ke aiki tun 1929. Idan iska ta yi daidai za ka ga masu tashi da lema suna shawagi a ƙasa da kai.

Ka dubi ƙasan da kake takawa. Tudun da ya zagaye ƙololuwar kamar ganuwa ragowar garin mutanen da ne, waɗanda suka zauna a nan kimanin shekara 3,000 da suka wuce. Gefen gabashin tsaunin kuwa a yanke yake kamar an sare da gatari. Dutsen yashi ne a kan wani dutse mai laushi da ke marmashewa idan ya sha ruwa, shi ya sa gefen yake zamewa tun dubban shekaru, har ake yi wa tsaunin laƙabi da mai makyarkyata. A gindinsa za ka hangi tsohon titin mota ya kakkarye ya hau kan juna. An yi ta gyara shi ƙasa na janyewa, har aka haƙura da shi a 1979. Kada ka matsa bakin wannan gefen don hoto.

Wata safiya a watan Nuwamba na hau tun kafin rana ta fito, na tarar hazo ya cika kwarin biyu fal, fari kamar audugar da aka shanya, doron tsaunin kaɗai ya fito kamar tsibiri, bututun masana'antar ya leƙo daga ciki. Ba a ji komai sai kukan tunkiya daga ƙarƙashin farin. Wannan yana faruwa ne idan dare ya yi sanyi, sama ta washe, iska ta kwanta, sanyin ya taru a ƙasa. Na tsaya ina tasbihi har yatsuna suka fara ƙagewa.

Mam Tor yana cika da jama'a ranakun Asabar da Lahadi. Idan za ka ci abinci ko ka yi salla, ka ɗan gangara gaba ka sami gefen da iska ba ta bugawa. Alƙibla daga nan kudu maso gabas ce, kimanin digiri 118 daga arewa. Ka riƙe shimfiɗa mai ledar ƙasa, ciyawar kusan kullum a jiƙe take. A hunturu Azahar da La'asar suna matsowa kusa da juna ƙwarai, ka saka su cikin lissafinka. Ba kai ne na farko ba: ƙungiyar Muslim Hikers, wadda Haroon Mota ya kafa a 2020, ta kawo mutane sama da ɗari kan wannan tsauni ranar Kirsimeti ta 2021. Wasu sun yi musu maganganun wariya a intanet, mutane da yawa kuma suka tsaya musu, ƙungiyar ta ci gaba da shirya tafiye-tafiye. Wanda ba ya son fita shi kaɗai, irin wannan ayari ya nema.

Kada a kunna wuta, kada a gasa nama. Ƙasar saman waɗannan tsaunuka ruɓaɓɓen tsiro ne da ke ci ta ƙarƙashi idan ya bushe. Gobarar Saddleworth Moor ta 2018, kusa da Manchesta, ta ɗauki makonni kafin a shawo kanta. Ɓawon ayaba da na lemo ma ka mayar jaka, a wannan sanyin suna daɗewa ba su ruɓe ba.

Bin doro da sauka

Daga ƙololuwa ka bi shimfiɗaɗɗiyar turba ta arewa maso gabas, tana gangarawa zuwa Hollins Cross, mafi ƙasa a doron. Hanyoyi da yawa sun haɗu a nan. Kafin Edale ta sami maƙabartarta, ta nan mutanen ƙauyen ke ɗauko gawa a kafaɗa su haura da ita zuwa cocin Hope. Nan ne wurin yanke shawara. Idan yanayi ya ɓaci, ko wani ya gaji, ko lokaci ya ƙure, ka yi hagu ka koma Edale, ko dama ka sauka Castleton inda bas mai lamba 272 ke zuwa Sheffield. Juyawa ba abin kunya ba ne, na sha yin ta.

In komai lafiya, ka ci gaba zuwa Back Tor. Hawansa gajere ne amma a tsaye yake, duwatsu ne barkatai, wani wurin sai ka dafa da hannu. Gefen hagu rami ne mai zurfi, ka riƙe yara. Daga nan tafiya ce mai daɗi zuwa Lose Hill, mita 476, inda akwai faifan ƙarfe da ke nuna sunayen tsaunukan da kake gani. Masu yawon ƙafa na Sheffield ne suka tara kuɗi suka sayi kan wannan tudu a 1945 suka ba jagoransu G. H. B. Ward, shi kuma ya miƙa shi ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da Mam Tor ma.

Sauka ta fi hawa haɗari. Ƙafa ta gaji, hankali ya koma gida, gwiwa ke ɗaukar nauyi. Ka ɗaure igiyar takalmi da kyau don kada yatsu su riƙa dukan gaba, ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka cire hannu daga aljihu. Jiƙaƙƙiyar ciyawa a gangare ta fi dutse santsi. Daga Lose Hill ka bi turbar kudu maso gabas, ta ratsa makiyayu da ƙofofi har ƙauyen Hope. Tashar jirgin ba a cikin ƙauyen take ba, tana gabas da shi, ka ƙara minti ashirin a lissafi.

Idan hazo ya rufe ka a hanya, ka tsaya, ka ƙara sutura, ka nemo inda kake a taswira kafin ka sake ɗaga ƙafa, kuma kada ayari ya rabu. Idan wani ya ji rauni ko ya fara karkarwa yana magana ba kan gado, sanyi ya shige shi: a raba shi da ƙasa da jaka, a lulluɓe shi, a ba shi shayi mai sukari in yana iya sha. Ka kira 999 ko 112, ka nemi 'yan sanda, sannan ka ce masu ceton tsauni kake so. 'Yan sa-kai ne, ba sa karɓar kuɗi, kuma sun fi son a kira su da sauran haske. Alamar neman agaji da usur ko tocila ita ce busa shida, a dakata minti ɗaya, a maimaita.

Da ka isa gida, ka tura saƙo ga wanda ka bar wa labari. Sannan ka duba jikinka, bayan gwiwa, ƙugu, hammata da bayan kunne, domin akwai kaska a cikin doguwar ciyawa, wata ba ta fi ƙwayar riɗi ba, kuma wasu na ɗauke da cutar Lyme. In ka same ta, ka kama ta da ɗan hantsaki daf da fata ka ja a hankali ba tare da matse cikinta ba, ka wanke wurin. Idan bayan kwanaki ko makonni ka ga jan zobe yana faɗaɗa a wurin, ko zazzaɓi ya kama ka, ka je wurin likita ka gaya masa ranar da ka hau tsauni. Takalmin kuma ka kankare lakar, ka cusa masa tsohuwar jarida a ciki, ka ajiye shi nesa da na'urar ɗumama ɗaki ya bushe da kansa.